Daga Adum: Dodon Tekun Da Muke Tsoro, Ashe Yana Cikin Tukunyarmu

 

Akwai wani irin bidiyo da ba ya tsufa a wayoyinmu. Yau ya ɓullo a WhatsApp na 'yan layi, gobe a Facebook, jibi a TikTok: ƙaton kifi ya taso daga cikin ruwa, baki a wangame, haƙora a jere kamar wuƙaƙen mahauta. A ƙasa sai a rubuta wai ga mai cin mutane, a kiyayi teku. Iyayenmu mata su yi salati, su tura wa 'ya'yansu da ke Ankara ko Takoradi. Sunansa kifin shak. Larabawa suna ce masa ƙirshu, har wasu malaman lugga suna ganin daga nan aka samo sunan Ƙuraishawa.

To ga abin da ba a rubutawa a ƙasan bidiyon. Hajiyar da ta yi salati da safe, ita ce da yamma za ta aiki yarinya Kejetia ko Asafo a sayo mata kako, ta jefa a miyar kontomire ko ta kuɓewa don ƙamshi. Shi kuwa kako galibinsa naman shak ne ko na danginsa masu faɗin jiki, wanda aka yanka gunduwa-gunduwa, aka dama da gishiri, aka shanya a rana. Dodon da ke ba mu tsoro a waya, mun daɗe da sanin ɗanɗanonsa a tukunya.

Kumasi ba ta da teku. Daga nan Adum zuwa bakin ruwa sai ka yi tafiyar sama da kilomita 200. Amma kasuwa ta kawo mana tekun har ƙofar gida, a cikin kwando da kwali. Don haka maganar wannan kifi ta shafi abin da muke ci, ta shafi kayan da muke ɗauka mu tsallake iyaka da su, ta kuma shafi ko 'ya'yanmu za su tarar da cinikin kifi da rai. Abin da nake so mu tattauna yau ke nan.

Wane ne shi?

Da farko shak ba kifi ɗaya ba ne. Masana sun ƙidaya nau'i sama da 500. Akwai wanda bai fi tsawon tafin hannu da yatsu ba, yana zaune can cikin duhun ƙarƙashin teku. Akwai kuma mafi girmansu, mai ɗigo-ɗigon fari a baya, wanda ke kai mita 12 ko ma fiye, wato tsawon babbar motar safa. Shi ne kifi mafi girma a duniya, kuma abincinsa ƙananan halittun da yake tacewa daga ruwa ne, kamar yadda ake tace gasara. Mutum zai yi iyo a gefensa ko kallo bai ishe shi ba.

Ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa ko karfasa. Duk ginin jikinsa guringuntsi ne, irin na kunnenka da kan hancinka. Shi ya sa Hajiya ba ta taɓa tsintar ƙaya a kako ba. Fatarsa kuma lulluɓe take da wasu ƙananan abubuwa masu kama da haƙora, in ka shafa ta baya sai ka ji kamar takardar gogar katako. Haƙoran bakin suna jere sahu-sahu, in na gaba ya faɗi na baya ya matso, har ƙarshen rayuwarsa. Hantarsa babba ce mai cike da mai, ita ke taimaka masa kada ya nutse.

Warin nan da kowa ya san kako da shi ma yana da dalili. Jinin shak da namansa suna riƙe da sinadarin yuriya, wanda manoma suka sani a takin zamani. Shi ke hana gishirin teku zuƙe ruwan jikinsa. Da ya mutu sai yuriyar ta fara juyewa ta zama amoniya, mai warin nan da ke hawa kai. Matan Fanti masu sarrafa shi sun san in ba a yi maza an zuba gishiri ko an banda shi ba, kaya sun lalace.

Mu mutanen kogi mun san minjirya, kifin da ke jan mutum da lantarki. To shi shak ba ya ja, ji yake yi. A hancinsa da kansa akwai ƙananan ramuka cike da wani abu mai yauƙi, waɗanda wani Ba'italiye mai suna Lorenzini ya bayyana a 1678. Da su yake jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin kifin da ya ɓuya cikin yashi, ko da idonsa bai gan shi ba. Kuma yana da dangi har a ƙasar Hausa da maƙwabtanta: kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai mai ƙari a wutsiya da masunta ke samu a Binuwai da Neja, gida ɗaya suka fito.

Zantuttukan da ake yi a kansa

Na farko, wai farautar mutane yake yi. Akwai wata ma'ajiyar bayanai a gidan tarihi na Jami'ar Florida a Amurka, wadda tun 1958 ake rubuta duk cizon shak da aka samu labarinsa a duniya. A 2023 sun rubuta cizo 69 na mutanen da ba su tsokane shi ba, 10 suka rasu. A 2024 cizo 47, mutum 4 suka rasu. A duniya gaba ɗaya fa, ba a ƙasa ɗaya ba, kuma mafi yawa a Amurka da Ostireliya inda ake wasan sululu a kan igiyar ruwa. Ku ɗora wannan a sikeli da cizon maciji, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, ko sauron da ke kwana da mu a ɗaki, wanda zazzaɓinsa ke cin rai kusan 600,000 a shekara. Cikin nau'i 500 ɗin nan, uku ne aka fi sani da mummunan cizo: babban farin shak, da mai ratsi-ratsi da Turawa ke wa laƙabi da damisa, da wanda suke wa laƙabi da bijimi. Su ɗin ma sau da yawa cizo ɗaya suke yi su saki. Dabba ce marar hannu, da baki take taɓa abin da ba ta gane ba. Ba ina cewa abokin wasa ne ba. Namun daji ne, a ba shi girmansa kamar yadda ake ba kada da dorina.

To daga ina wannan tsoro ya samo asali? Babban kaso daga silima. A 1975 Steven Spielberg ya fitar da fim ɗin Jaws, daga littafin Peter Benchley, labarin wani shak da ke bin mutane da gangan. Fim ɗin ya karaɗe duniya. Shi kansa Benchley daga baya ya ƙare rayuwarsa yana yaƙin neman a kare waɗannan kifaye.

Na biyu, wai yana jin ƙamshin ɗigon jini ɗaya daga nisan mil da yawa. Hancinsa yana da kaifi, gaskiya ne. Amma ƙamshi ba ya tashi sama ya je masa, sai ruwa ya ɗauko ya kai, kamar yadda ba ka jin ƙamshin tsire sai iska ta biyo ta wajenka.

Na uku, wai in ya tsaya sai ya mutu. Wannan ya shafi wasu ne kawai, waɗanda sai suna tafiya ruwa ke ratsa tsagogin numfashinsu. Da yawa suna kwanciya a ƙasan teku suna zuƙar ruwa da baki, hankali kwance.

Na huɗu shi ya fi damuna, domin yana cin kuɗin marasa lafiya. Wai shak ba ya kamuwa da ciwon daji, don haka garin guringuntsinsa magani ne. Wani littafi da ya fito a Amurka a 1992 ne ya yayata wannan. Masana sun samu ƙari a jikin shak, kuma an gwada guringuntsin a kan masu ciwon daji a asibitoci, bai warkar ba. In wani ya kawo maka kwalba a shago ya ce maganin kansa ne na kifin teku, ka riƙe kuɗinka ka kai majinyacinka Asibitin Komfo Anokye.

Na biyar, yara kan tambaya ko akwai shi a Tafkin Bosomtwe. Babu. Tafkin a rufe yake cikin duwatsu, ba shi da hanyar da ta haɗa shi da teku. Mai laƙabin bijimi yana iya shiga ruwan daɗi, an gan shi a kogin Zambezi da Amazon, amma sai ta bakin kogin da ya buɗe zuwa teku.

Sannan samarinmu masu zuwa Labadi ko Kokrobite yawon Salla, ku ji da kyau: abin da ke ɗauke rai a bakin tekun nan ruwan ne da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka nutse a duniya a 2021. Akwai wata hanyar ruwa siririya da ke komawa cikin teku da ƙarfi, ta ja mutum daga inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. In ta kama ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman tudu kai tsaye, za ka gaji. Ka bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinta, ko ka kwanta a kan ruwa ka ɗaga hannu. Wanda bai iya iyo ba kuwa, kada ruwa ya wuce masa gwiwa.

Aikin da yake yi a teku

Manyan shak suna saman jerin masu cin juna a teku. Sukan fi kama raunana da marasa lafiya, suna cinye mushe, suna kuma rage yawan matsakaitan kifaye masu cin ƙanana. Amma wani babban aikinsu ba a cin ba ne, a kwarjini ne.

Ga misali. A yammacin Ostireliya akwai wani lungun teku mai faffaɗan filin ciyawar ƙarƙashin ruwa. Masu kiwo a wannan fili su ne kunkurun teku da wata dabba 'yar uwar ayu. Masana sun shekara da shekaru suna lura da wurin, suka ga cewa in mai ratsi-ratsi yana kusa, masu kiwon nan ba sa zama wuri ɗaya su cinye ciyawa har saiwa. Sai su ɗan ci nan su matsa can, su guji fili mai haɗari. Da haka ciyawar ke samun sararin tohowa, kuma a cikinta ƙananan kifaye ke girma. Duk wanda ya tashi a karkara ya gane wannan. Dajin da aka san akwai kura, makiyayi ba ya barin garke ya kwana a ciki, shi ya sa ciyawarsa ba ta ƙarewa. Ba sai kura ta ci akuya ba, sanin tana nan ya isa.

Ƙarfin wannan aiki ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, daga teku zuwa teku. Amma darasin ɗaya ne: in ka cire na sama, na ƙasa ba sa zama yadda suke.

Riba da uwar kuɗi

Yanzu mu zo gida. Gana tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 550. A garuruwa irin su Shama, Dixcove, Axim, Apam da Tema, akwai masunta masu manyan kwalekwale da ke yin kwanaki a tsakiyar teku da doguwar raga mai bin ruwa, suna kamo tuna da shak. Wani mai bincike na jami'ar KNUST da ke nan Kumasi, Issah Seidu, tare da abokan aikinsa, sun bi wuraren saukar kifi na yammacin ƙasar suna ƙidaya suna hira da masunta, suka buga sakamako a 2022. Shuɗin shak ne suka fi gani a kamu, kuma sun nuna gidaje da yawa da wannan sana'a suke ci, suke biyan kuɗin makaranta.

Ba na so a ɗauki masuncin Fanti a matsayin mugu. Shi ba ya yanke fiffike ya jefar da gangar jiki a teku yadda wasu manyan jirage ke yi. Yana kawo kifin gaba ɗaya: nama ya zama kako ko banda, fiffike ya tafi wurin dillalai. Kuma akwai abin da ya tura shi can tsakiyar teku. Ƙananan kifaye irin su amane, abincin talaka, sun ragu ƙwarai. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne saiko: manyan jirage masu jan koma su kwashe kifin masu kwalekwale, su daskarar da shi, su sayar a tsakiyar teku ba bisa doka ba. Ƙungiyoyin EJF da Hen Mpoano sun ƙiyasta tan 100,000 ne ya shigo ta wannan hanya a 2017 kaɗai. A 2019 har sai da gwamnati ta rufe teku ga masu kwalekwale na wata guda don kifi ya huta. Wanda ya rasa ƙarami dole ya nemi babba.

Amma a nan gizo ke saƙa, kuma ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa. Amane tana balaga cikin kamar shekara guda, ta zuba dubban ƙwai. In an sarara mata tana iya farfaɗowa. Shak ba haka yake ba. Da yawansu haihuwa suke yi kamar akuya. Akwai mai gudun nan da ake kira mako, wadda ke ɗaukar ciki wata 15 zuwa 18, kuma sai kamar bayan shekara uku take sake haihuwa. Wasu sai sun haura shekara 10 ko 20 kafin su fara. Akwai na tekun ƙanƙara a Girinlan, wanda binciken 2016 ya nuna yana iya rayuwa aƙalla shekara 272, kuma ba ya balaga sai wajen shekara 150. Kifin da ke haihuwa haka, in ka kama shi da yawa ba riba kake ci ba, uwar kuɗi kake ci. Dukanmu mun san ɗan kasuwar da ke cefane da jari: shago cike da hayaniya, watarana a wayi gari kanta wayam.

Alƙaluman duniya ma haka suke faɗa. Binciken da masana na Jami'ar Dalhousie ta Kanada suka jagoranta a 2013 ya ƙiyasta ana kashe shak kimanin miliyan 100 a shekara, wato sama da 11,000 a kowace awa. Wani da aka buga a 2021 ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun 1970. A wannan shekarar dai aka bayyana cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in wannan dangi suna fuskantar ƙarewa. Ku tuna da mutum 4 ko 10 ɗin can, ku ɗora a kan miliyan 100, sai ku gaya mini wane ne dodon wani.

Ku duba sefar da ke aljihunku

Masu zuwa Lome, Wagadugu, Yamai ko Maraɗi, ku ciro takardar sefa ko tsabarta ku duba tambarin nan mai dogon kai da haƙora a gefe biyu. Da yawa mun shekara muna ƙirga ta ba mu tambayi mene ne ba. Kifi mai zarto ne, ɗan gidan su shak, wanda hancinsa ya yi tsawo kamar zarton kafinta. Babban bankin ƙasashe takwas masu sefa ya ɗauko siffar ne daga ma'aunin zinariya na tagulla na mutanen Akan, irin wanda ake auna garin zinariya da shi a kasuwannin Asante har ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da kakanninmu fatake ke saukar da kaya suna ɗaukar goro. Har gobe ana zuba irinsu a Krofofrom, nan kusa da Kumasi.

Maƙeri ba ya zuba siffar abin da mutanensa ba su sani ba. A da kifin nan yana nan a bakin koguna da gaɓar Afirka ta Yamma. Yau ya kusa ɓacewa daga yankin baki ɗaya, domin zarton nasa na maƙalewa a kowace irin raga, fiffikensa kuma na da tsada. Dukkan nau'o'insa biyar suna cikin haɗarin ƙarewa. Ya rage a kan kuɗi, ya bar ruwa. Masu kan guduma da masu siffar jita, waɗanda har yanzu ake saukewa a gaɓar Gana, hanyar da ya bi suke bi. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe.

Abin da ya shafi tukunya

Na san tambayar da ke bakin iyayenmu mata: to kako halal ne? A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, naman halittun teku halal ne. Ba a nan matsalar take ba. Tana wajen zaiba.

Zaibar da ta shiga ruwa tana komawa wani nau'i mai maƙalewa a nama. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, matsakaici ya ci ƙanana dubu ya tara nasu, babba ya ci matsakaita ya tara na kowa. Shak yana can sama, kuma yana daɗewa a duniya, don haka asusunsa ya fi na kowa cika. Zaiba tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman na ɗan da ke ciki da ƙaramin yaro. Duniya ta ga haka a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba dattinta a teku. Mu kuma a nan muna da galamse, masu wanke zinariya da zaiba a bakin koguna. Ofin yana ratsa ƙasar Asante ya faɗa Pra, Pra ya shiga teku a Shama. Ankobra kuma yana shiga teku kusa da Axim. Abin da aka zubar a tudu, ruwa ba ya mantawa da shi.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa shak cikin kifayen da mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara za su guje wa. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce mai ciki, mai neman ciki da yara 'yan ƙasa da 16 su bar shi, sauran manya kuma kada su wuce ci ɗaya a mako. A lura, gishiri, shanya, banda da dahuwa ba sa fitar da zaiba. Jiƙa kako a ruwa yana rage gishiri ne kawai, wanda shi ma alheri ne ga masu hawan jini.

Ba ina cewa ɗan guntun da aka jefa a tukunyar mutum goma daidai yake da cin gunduwa guda ba. Amma Hajiya, in akwai amarya mai juna biyu a gidan, ko mai goyo, ko yara ƙanana, a sauya. Ga amane, ga kobi wanda karfasa ce, ga ƙananan kifayen nan na Keta, ga daddawarmu ta gado. Kifi yana da amfani ƙwarai ga mai ciki, kada a hana ta. Ƙarami dai ya fi mata babba.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa

Kuɗin shak na gaske a fiffike yake. Ana busar da shi, ya bi hannun dillalai har Hong Kong, babbar cibiyar cinikinsa, a yi miyar alfarma ta bukukuwa. Abin mamaki fiffiken ba shi da ɗanɗano, romon kaza da kayan haɗi ke ba shi daɗi. A can ɗin ma ra'ayi na sauyawa: a 2013 gwamnatin Sin ta hana kawo wannan miya a liyafar hukuma.

Ga inda ya shafe mu. Akwai yarjejeniyar duniya mai suna CITES da ke kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, kuma Gana, Najeriya, Nijar da Togo duk suna ciki. A taron Bangkok na 2013 aka sa manyan masu kan guduma a jerinta. A Janeba a 2019 aka ƙara mako. A Panama a Nuwamban 2022 aka sa wani babban gida mai nau'i sama da 50, har da shuɗin shak ɗin da aka fi kamawa a Gana, dokar ta fara aiki a Nuwamban 2023. Ma'anar haka, mafi yawan fiffiken da ke kasuwa ba ya tsallake iyaka bisa doka sai da takardar izini. A Gana, Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ke da alhakin wannan takarda. Kuma ana kamawa: a 2020 kwastan na Hong Kong sun kama tan 26 na fiffike da ya fito daga Ekwado.

Mu mutane ne masu riƙon amana da karɓar saƙo. "Alhaji, don Allah ga ɗan buhu, busasshen kifi ne, ka miƙa wa wane a Lome ko Legas." Kaya ne marasa nauyi, masu tsada, masu sauƙin ɓoyewa a ƙarƙashin wasu. A Aflao ko Elubo ko filin jirgi, jami'i ba ya tambayar mai kaya, wanda kaya ke hannunsa yake tambaya. Ka buɗe buhu a gaban mai shi. In ka ga busassun abubuwa masu kusurwa uku, launin toka, masu tauri kamar ƙirgi, ka ce a nuna maka takarda. In babu, ka ba shi haƙuri. Zumuncin da zai ɓaci saboda ka ƙi ɗaukar abin da zai kai ka kurkuku, da ma can bai ƙullu ba.

Masu sayar da kako da banda kuma, ba na ce ku rufe tebur ba. Amma ku riƙa tambayar masu kawo muku wane iri ne. Ku rage karɓar 'yan jarirai da ba su kai haihuwa ba, ku guji mai kan guduma da mai siffar jita, ku faɗaɗa jari zuwa kifin da ke saurin hayayyafa da na kiwo. Masunci yana kamo abin da kasuwa ke nema ne, kasuwar kuwa mu ne.

In bidiyon nan ya sake shigowa wayarku, kafin ku tura gaba ku kira yara ku nuna musu. Ku gaya musu ba shi da ƙashi, yana jin lantarki, yana haihuwa kamar akuya, kuma ɗan uwansa yana kan sefa. Yaron da ya san wannan ba zai ji tsoron abin da bai kai ba, zai kuma kiyayi ruwan da ya fi ƙarfinsa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa.